Kun Tafi da Ƙwarinmu da Fatar Hannuna

Zuwa ga Shugaban ayarin masu binciken ciwon fata da suka sauka a ƙauyenmu, ƙasar Gwiwa.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaishe ka, kai da iyali da abokan aikinka. Ban san inda ofishinka yake ba, shi ya sa na rubuta a fili, ko wani da ya san ka zai kai maka.

Ni ne wanzamin nan da ya zaga da ku gida-gida a bazarar bara, mai gyambo a bayan hannun dama. Aski gadona ne, ban iya wata sana'a ba.

Na ɗaya. Da kuka zo, mutane ƙin ku suka yi. Ba magidancin da ya yarda a rataya masa tarko mai fitila a turke ko a ƙofar ɗakin matarsa. Dagaci ya haɗa ku da ni saboda babu gidan da wanzami ba ya shiga, ni kuma na tsaya muku. Kuka kwashi ƙwarin nan 'yan mitsi-mitsi da ba su kai sauro ba, har ƙasar gindin suri da ta ramin gafiya kuka ɗiba. Likitarku ta ce min kiwon su za ku yi a ɗakin gwaji, ku ga yadda ƙwai yake zama tsutsa, tsutsa ta yi fiffike, don a gano ko su ne suke kawo ciwon. Ina fata suna nan lafiya. Su dai sun sami gata.

Na biyu. Kun yanki fatar gefen gyambona kun jefa a kwalba. Likitar ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, kada ka sa masa komai sai mun dawo da sakamako da magani." Ina da garin maganin da na gada, na kuma san sakiya. Ƙanena har ya sa ƙarfe a wuta, na hana shi, na ce alkawari na yi da masu ilimi. Damina ta zo ta wuce, aka yi kaka, sanyi ya shiga. Gyambon da bai fi kan babban yatsa ba ya cinye bayan hannun, yatsu biyu suka ƙage. Da na gaji na je asibiti, aka wanke aka ɗaure, aka ce in nemo sakamakonku. Lambar wayar da kuka bari kullum a kashe take.

Na uku, kuma wannan ya fi ciwon zafi. Jama'a sun ga likitoci da safar hannu sun yanke ni, sun tafi shiru. Sai suka ce ai da abin na faɗa ne da an faɗa, kuturta ce kawai ake ɓoyewa. Ran kasuwa nakan shimfiɗa tabarmata in wuni ina korar ƙuda, ba mai miƙo min kansa. A masallaci daga nesa ake ɗago min hannu. A gidana ma an ware min kwano, wai don yara.

Na huɗu. Watan jiya aka haifa wa ɗana na fari 'ya mace. Ana gobe suna ya zo ya durƙusa, ya kasa haɗa ido da ni, ya ce dangin matarsa ba su yarda in taɓa jaririyar ba. Ya ɗauko wani wanzami daga Roni, mutumin da a hannuna ya koyi riƙon aska. Ina zaune a zaure na ji kukanta ana yi mata askin suna a cikin gidana. Wallahi na yi kuka, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Ranka ya daɗe, ba na roƙon a dawo min da yatsuna, na san sun tafi, sana'ar ma ta bi su. Abu biyu nake roƙo. Idan akwai magani, ku aiko wa sauran masu ciwon, don ba ni kaɗai kuka ce ya jira ba. Sannan ka turo mutum ɗaya ya tsaya a ƙofar gidan dagaci, ya faɗi sunan ciwon nan da ƙarfi kowa ya ji. In kuturtar ce, in sani. In ba ita ba ce, a ba ni jikata in ɗauka, don har yau ban san nauyinta ba.

Gaskiya ban sa ran amsa ba. Allah Ya ba ka lafiyar fata da ta zuciya, Ya sa bincikenku ya amfani waɗanda za su zo bayanmu.

Wassalam.

Haladu Wanzami,
ƙasar Gwiwa.