Suka Ce Kava Ce Ta Kama Shi

Logan, Birisben

Zuwa ga 'yata Kalolaine,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki da yara da duk mutanenmu na Tonga. Ni jikina kalau, zuciyata ce babu lafiya.

A waya kuka ya hana ki saurare, to ki karanta da kyau. Ranar Asabar da rana babanki Sekope yana zauren coci shi da maza suna shan kava, jiƙon saiwar nan namu mai kashe jiki, sai bakinsa ya karkace, ƙoƙon ya suɓuce daga hannunsa na dama. Kawunki Fotu, ƙanena ciki ɗaya, shi ke kusa da shi. Kin san abin da ya ce? "Sekope an tsufa, ƙoƙo uku ya kayar da shi!" Suka yi dariya, suka ja shi gefen tabarma, suka lulluɓe shi wai ya yi barci. Kava tana kashe harshe, gaskiya ne. Amma yaushe ta taɓa kashe wa mutum ɓari ɗaya ta bar ɗaya? Sai da yamma na je ɗaukarsa na tarar da shi idonsa biyu, yana kallona, ya kasa kiran sunana.

A asibiti likita ta ce gudan jini ne ya toshe babbar jijiya a ƙwaƙwalwarsa, kuma lokacin allurar da ke narkar da shi ya wuce. Saura ciro shi. Ta ce za su zura siririn bututu daga matsematsinsa har cikin kai, kuma hanya biyu ce: ko a zuƙo gudan da bututun, ko a buɗe 'yar ragar waya a cikinsa ta kama shi a jawo. Na tambaye ta wacce ta fi. Ta ce kusan ɗaya suke. Zuƙowa ta fi sauri, raga kuma takan kama abin da ya ƙi zuƙuwa. Ta ce abin da ya fi hanyoyin biyu muhimmanci shi ne a zo da wuri. Wannan maganar na riƙe.

Zuƙowa ba ta yi ba, raga ce ta ciro shi. An nuna mini, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Babanki ya rayu, amma magana ta tafi, hannun dama ma haka. Mutumin da ba a biki ko jana'iza a danginmu sai ya yi jawabi!

Ki yi addu'a, ki kuma koya wa 'ya'yanki cewa dariya a inda ya kamata a duba mutum zunubi ce.

Mahaifiyarki,
Ilaisane

Zuwa ga 'yata Kalolaine,

Ina gaishe ki, da fatan tarin ƙaramin yaron ya lafa. Na ga saƙonki na cewa in yafe wa kawunki. Kada ki koya mini Littafi Mai Tsarki, ni na koya miki.

Ya zo da tabarmar saƙa da gasasshen alade, ya durƙusa a bakin ƙofa yana cewa, "Yaya, ban sani ba." Na ce masa, "Ai ba ka tambaya ba, sarkin barkwanci." Aladen na aika wa maƙwabta.

Tsoronsa ɗaya ne, kada in ƙi zuwa bikin 'yarsa Losaline. Ni ce gwaggon amarya, kujerar girma tawa ce, in ta zauna babu kowa, Fotu ya tozarta har Tonga. To, zan je. Zan tura keken babanki gaban jama'a, in lokacin jawabin dangi ya yi in sa masa makirfo a baki. Kowa ya ji shirun da Fotu ya jawo mana.

Mahaifiyarki,
Ilaisane

Zuwa ga 'yata Kalolaine,

Gaisuwa da fatan alheri. An yi biki, kuma na yi abin da na ce.

Zauren ya yi tsit. Babanki ya yi ta kokawa da bakinsa, miyau na zuba, mata suka fara kuka. Fotu ya sunkuyar da kai, ni kuwa ban ɗauke ido daga kansa ba. Na so ya daɗe a haka.

Sai babanki ya ture makirfon. Ya dubi wajen da maza suka kewaye akushin kava, ya buga cinyarsa da hannun hagu, tun da tafin da ake yi in za a karɓi ƙoƙo ya gagare shi yanzu. Fotu ya taso da rarrafe, ya kawo masa ƙoƙon, ya riƙe masa a baki. Mazan nan suka ɓarke da tafi kamar an ci ƙwallo.

Likita ba ta yarda ya sha ba, don haka na karɓe ƙoƙon na zubar a gaban kowa. Na ce wa Fotu tun da mijina ya zaɓe shi, to daga Litinin shi zai riƙa kai shi wajen koyon magana, ya yi masa wanka, ya aske shi, har ranar da zai iya kiran sunana. Ya ce, "To, Yaya."

Babanki ya yafe. Ni ina jiran sunana.

Mahaifiyarki,
Ilaisane