Zangunan da Hajiya Rekiya Ta Zaɓa

Grand Rapids, Michigan
14 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga Hajiya Rekiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki da duk mutanen Jiwa. Mu nan sai godiya ga Allah. Na san waya tana ba ki wahala saboda kunnenki, shi ya sa na zauna na rubuto.

Hajiya, mun sayi gida mai taya. Kada ki yi dariya. Mota ce, tsawonta ya kai na bas ɗin ma'aikata da ke ɗaukar mu daga Kubwa zuwa ofis a da, amma a cikinta akwai gado da kicin da firij da banɗaki har da shawa. Ranar da ɗanmu Marvel ya kawo ta, na shiga na buɗe famfo, ruwa ya zubo. Na rufe, na sake buɗewa. Na fi minti goma a tsaye ina wannan abu kamar ƙaramar yarinya.

A nan in hunturu ya matso, tsofaffi da yawa ba sa jiran dusar ƙanƙara. Sai su kulle gida, su shiga irin wannan mota su gangara kudu inda rana take. Akwai zanguna da aka gina dominsu: ka biya, a ba ka fili, ka jona wuta da ruwa, ka kwana. Baban Marvel ne ya dage sai mun tafi. Hunturu biyu ya yi a gidan ɗansa yana kallon bango, ya ce ba zai yi na uku ba.

Ga inda na maƙale. Zangunan sun fi gaban ƙirga, kuma akwai ƙungiyoyi masu sayar da katin rangwame, kowace tana rantsuwa nata ya fi. Na karanta har kaina ya yi ciwo. Na haɗo miki takardun guda uku da taswira. Shekara talatin da ɗaya kina zana wa gwamnati taswira ina buga miki rahoto a tebur na gefe. Don Allah ki zaɓa mana hanya da wuraren kwana.

Ina koyon tuƙa motar a filin coci. Jiya na ture kwandon shara biyu.

Ki gaishe min da 'yarki Barira da mijinta.

Taki kullum,
Patricia


Jiwa, Abuja
21 ga Oktoba, 2023

Maman Marvel,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da Oga Thaddeus da yaranmu, wasiƙarki ta iso, na kuma ji daɗinta ƙwarai.

Na sa Barira ta buga mini takardun a Dei-Dei, na shimfiɗa taswirar a tsakar falo na danne gefunanta da kofuna. Kwana huɗu ba wanda ya wuce ta nan. Na auna daga inda kuke zuwa kudancin Arizona, sai na ga kamar mutum ya tashi daga Abuja ya nufi Dakar ne, kuma duk a ƙasa ɗaya, ba iyaka, ba mai tambayar takarda. Na ajiye rula. Allah mai girma.

Game da katunan. Na farko shi ne mai tsada. Idan kun biya, kwana kyauta ne, amma a zangunansu kaɗai, kuma yawancinsu a bakin manyan tituna suke, da wurin ninƙaya da ɗakin wasanni. Na biyu ya ce rabin kuɗi. Ki duba ƙananan rubutun da ke ƙasa: a zangunan kudu da yawa ba ya aiki daga Janairu zuwa Maris, wato daidai lokacin da kuke buƙatarsa. Na uku rangwamensa kaɗan ne, amma ana karɓarsa kusan ko'ina, kuma bai ɗaure ku da kowa ba. Shi nake ba ku shawara.

Yanzu ga tambayata, kuma ki amsa mini tsakani da Allah. Na san Oga Thaddeus shekara talatin. Shi ne ya riƙe sashen motoci na ma'aikatarmu. Lokacin da muka je bikin ƙanwarki a Pankshin, da muka tsaya cin gasasshen kifi a Uke, kika ce ya ba ki makulli ki gyara fakin kawai, ya ce ko bishop ba ya taɓa masa sitiyari. To me ya sa ke ce kike koyon tuƙi a filin coci?

Allah Ya tsare mana ku.

Ƙawarki,
Rekiya


Grand Rapids
2 ga Nuwamba, 2023

Hajiya,

Ina gaisuwa. Ki yafe min jinkiri. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina gogewa.

Idonsa ne. Hawan jinin ido, ya daɗe yana cin sa ba mu sani ba. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama kuma ya tsuke, yana gani kamar mai leƙe ta cikin bututu. Likita ta ce suna ƙoƙarin riƙe abin da ya rage, amma ba ta yi mana alkawarin zai kai baɗi ba. Ya hana ni faɗa wa kowa a gida. Ya ce ba ya so a riƙa gaishe shi da muryar ta'aziyya. Da na karanta masa tambayarki sai ya yi dariya, ya ce, "Wannan matar, tun a ofis ba a ɓoye mata komai. Faɗa mata."

Ga kuma wata. Kafin amsarki ta iso, Marvel ya riga ya saya mana katin nan mai tsada, ranar ashirin ga watan jiya. Ya ce zangunansu suna da get da masu gadi, kuma asibiti kusa. Ya zaɓi zango guda ɗaya ya ce mu je mu zauna mu huta. Ba laifinsa ba ne, tsoro yake ji. Amma da ya nuna wa babansa hotunan wurin, baban ya ce, "Ni da nake da ido na wata shida, ka ce in je in kalli turawa suna ninƙaya?" Tun ranar ba su yi wata doguwar magana ba.

Hajiya, ba hutu yake so ba. So yake ya ga ƙasar nan kafin ta rufe masa. Ni kuma ina tsoron babbar hanya, kuma har yanzu ban iya ribas ba. Ban san wanda zan bi a cikinsu ba.

Ki sa mu a addu'a.

Patricia


Jiwa, Abuja
5 ga Nuwamba, 2023

Maman Marvel,

Gaisuwa da fatan sauƙi. Na karanta, na yi kukana, na wanke fuska, na koma kan taswira. Ki gaya wa Oga ba zai ji muryar ta'aziyya daga wurina ba.

Abu na farko, da gaggawa. A shafi na tara na takardar katin da Marvel ya saya akwai sharaɗin cewa mutum zai iya fasawa cikin kwana talatin. Kuna da mako biyu. Na rubuta wa Marvel wasiƙa dabam, na sa masa sunan asibitin ido mafi kusa da kowane zango da na zaɓa, da nisansa. Na gaya masa ni na yi masa wankan farko a Asibitin Wuse, don haka ya saurare ni.

Na soke hanyar farko da na fara zana muku gaba ɗaya. Wannan karon ban duba wurin ninƙaya ba. Na nemi abubuwa masu girma da haske, waɗanda ko ƙaramin ido ba zai rasa su ba. A New Mexico akwai wani fili na farin rairayi, tuddai a kan tuddai, fari fat. Arewa da shi, a bakin kogi, akwai fadamar da dubban tsuntsaye masu kama da gauraka suke zuwa cin hunturu. Daga nan sai babban kwazazzabon Arizona da suke kira Grand Canyon. Can akwai sanyi sosai, don bisa tudu yake, saboda haka kwana huɗu kawai na ware muku.

Saboda ke kuma: duk filin da na zaɓa irin wanda ake shiga ta baya a fita ta gaba ne, babu ribas. Kada ki wuce awa huɗu a kan sitiyari a rana. Kada la'asar ta same ki a hanya.

Da na karanta zurfin kwazazzabon nan ban yarda ba. Jiya na ɗauki tasi zuwa Zuba, na sa direba ya wuce da ni har gindin dutsen Zuma. Na fito na ɗaga kai har gyalena ya zame. Bisa lissafi, sai an ɗora irinsa wajen biyar a kan juna kafin a kai bakin ramin. Direban ya ce, "Mama, lafiya?" Na ce masa ina awo ne. Na zana tsaunuka da koguna a takarda duk rayuwata, amma wannan hankalina ya kasa ɗaukarsa. Ku je ku gano mini.

Allah Ya kai ku lafiya.

Rekiya


Grand Canyon, Arizona
11 ga Janairu, 2024

Hajiyata,

Gaisuwa daga bisa tudu, da yatsu masu rawar sanyi. Barka da sabuwar shekara. Saƙonnin da nake turo wa Barira gajeru ne, yau na samu zama.

Marvel ya mayar da katin. Da kansa ya raka mu kwana biyun farko, yana zaune a baya yana taka birkin da babu. A St. Louis ya hau jirgi ya koma. Daga nan sai ni da Oga. Ni ce hannu, shi ne kunne. Yakan ce, "Rage gudu, injin yana kuka," ko "Tirela na zuwa ta hagunki, riƙe da kyau." Bai taɓa kuskure ba.

Farin rairayin nan, Hajiya. Mun isa da hantsi. Na riƙe hannunsa muka hau tudu ɗaya. Ko'ina fari, har ƙarshen gani, kuma in ka taɓa shi sanyi ne da shi kamar garin rogo da aka ajiye a inuwa. Ya cire takalmi. Ya ce tun da ciwon ya fara bai ga duniya da haske haka ba. Mun zauna har cikinmu ya tuna mana da abinci.

Tsuntsayen kuma, a zangon can wata tsohuwa mai suna Linda, wadda take zuwa kowace shekara ita kaɗai, ta ce mu fita kafin rana. Mun tsaya a bakin ruwa. Suna tsaye a ciki, dogaye, ba adadi. Da gari ya fara ja sai suka soma kira, ɗaya, goma, sannan duk fadamar. Suka dinga tashi garke-garke ta saman kanmu, har ina jin iskar fukafukansu a fuskata. Oga bai bi su da ido ba. Ya zaɓi wuri ɗaya a sama ya kafa bututunsa, ya bar su suna ratsawa. Ya ce, "Patricia, ba sa ƙarewa." Ni na fara waƙar coci a hankali ban ma sani ba.

Katin da kika zaɓa an karɓe shi a yawancin wurare, kuma ban yi ribas ko sau ɗaya ba.

Amma ga halin da muke ciki. Kwana uku ke nan da isowarmu, kuma ba mu ga komai ba. Gajimare ya cika ramin har baki. Muna zuwa mu tsaya a jikin ƙarfen da aka kafa, sai farin hazo kawai, kamar an rataya zanen gado. Mutane suna cewa abin yana nan a gabanmu, taku uku. Gobe ne kwananmu na ƙarshe. Jibi an ce dusar ƙanƙara mai yawa za ta sauka, kuma ba zan iya gangarawa da motar nan a kan santsi ba. Marvel yana kira yana cewa mu sauka yau. Idon Oga ma ya ƙara tsukewa tun Kirsimeti, jiya sai da ya laluba kafin ya sami kofinsa.

Na ce wa Oga mu tafi, mu dawo a Maris. Ya ce, "A Maris ke za ki gani, ni sai labari." Na yi masa alkawarin zuwa sha biyun ranar gobe. In ta wuce zan tayar da mota.

Ki roƙa mana.

Taki,
Patricia


Williams, Arizona
13 ga Janairu, 2024

Hajiya Rekiya,

Ina gaishe ki. Thaddeus ne. Da hannuna na rubuta, da babban alƙalami, Patricia za ta ɗauki hoto ta turo. In layin ya karkace ki yi haƙuri.

Jiya ramin ya buɗe. Ƙarfe goma sha ɗaya saura.

Iska ce ta taso, gajimaren ya yage daga tsakiya. Ja na fara gani, sai ruwan zuma, sai shuɗi can nesa. Ban iya ɗaukarsa gaba ɗaya ba, don haka na bi shi kaɗan-kaɗan, daga hagu zuwa dama, sannan na sauka ƙasa. Duk inda na ce nan ne ƙarshe, sai wani ya sake buɗewa a ƙarƙashinsa. A can ƙasa na ga wani zare kore. Suka ce kogi ne.

Patricia ni take kallo. Na ce mata ta daina, ta kalli gabanta.

Sha biyu ta wuce, ba ta tayar da mota ba. Ƙarfe ɗaya na ce mata na ƙoshi, mu tafi. Mun sauka lafiya kafin dusar.

Na gani, Hajiya. Allah Ya saka miki.

Naki,
Thaddeus