Ɗakin Inna a Bayan Gareji

Litinin, 3 ga Maris, 2008

Yaya Dabo ya samu kwangila, yanzu kuma sai bene. Za a rushe gidanmu na Ƙofar Kaura, ni zan zana sabon. Shi ya saya min kwamfutar, wa zai ce masa a'a? Ba ni ba dai.

Laraba, 5 ga Maris

An kai wa Inna zanen a takarda. Ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta ce, "Ni layi kawai nike gani. In ya yi maku, ya yi mani." Yaya ya ce shike nan, ta yarda.

Alhamis, 6 ga Maris

Yau na tayar da bangon a cikin kwamfutar. A shimfiɗe kowane ɗaki akwati ne, lafiya lau. Sai ka kama layin, ka ba shi tsawo, ya miƙe ya zama gini. Na ɗora bene, na sa rufi, na juya shi.

Nan na ga matsalar.

Ɗakin Inna ya maƙale tsakanin gareji da matakala. Taga ɗaya, ita ma bango take kallo. Matar da kullum sai ta shimfiɗa tabarma ta sha hantsi saboda ciwon gwiwa!

Asabar, 8 ga Maris

Na nuna wa Yaya. Ya ce in buga mata hoton gaban gidan kawai, mai fenti. "Kada ka tada ma tsohuwa hankali, Lado. A sa mata fanka." Na ce to. Kullum to. Haushin kaina nake ji.

Magina za su zo Laraba.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban iya cin abinci ba.

Litinin, 10 ga Maris

Na je gaishe da Inna da jakar kwamfutar a kafaɗa. Wai ban yi niyya ba. Ita ta ce in nuna mata gidan da aka ce yana tsayuwa cikin akwati. Na buɗe. Ta matso, ta ɗora yatsa a kan gilashin.

"Juya mani shi."

Na juya. Ta gane zaure babu, ta gane rijiya babu. Da muka iso ɗakinta ta daɗe tana kallo.

"Ta ina rana za ta shigo?"

Ta gyara mayafinta, ta ce Allah ya sa albarka. Da ta zage ni ma da ya fi min sauƙi.

Talata, 11 ga Maris

Na goge garejin. Na ja layi, na bar wa ɗakin Inna fili ta gabas, na sake tayar da bango. Gyara ne kawai, ba wani abu ba.

Da Yaya ya ga sabon zanen, ya kira a waya yana faɗa, wai ina zai ajiye motarsa.

Na ce, "Yaya, motar ta kwana waje."