Ta Hannun Na Ɗauka

Yaya Muntaka,

Assalamu alaikum. Ya Inna, ya su Hure? An fara sharar gona a Makoɗa?

Ni nan Jidda lafiya lau, sai dai zaman mota ya sa na yi teɓa, hawa bene ma sai na yi haki. Likita ya ce ba abin damuwa ba ne, in riƙa sassarfa da yamma ina lura da bugun zuciyata.

A shago an nuna mini na'ura iri biyu. Akwai ta ɗaurawa a ƙirji, wadda aka ce ta fi ƙirga bugun zuciya daidai, akwai ta hannu mai kamar agogo. Na daɗe ina jujjuya su. Sai na tuna in na zo da damina zan tuɓe riga a gonar gyaɗa, Inna ta kawo fura ta ga ɗamara a ƙirjina. Ka san ta, barci ya ƙare mata.

Ta hannun na ɗauka. A sa ni a addu'a. In Inna ta gani a hoto ta tambaya, ka ce agogo ne. Ai yana nuna lokaci.

Ƙaninka,
Mudassir