Murhun Cikin Ƙodata

Talata, bayan isha'i

Yau likita ya ɓata min rai. Wai cikin ƙodata akwai ƙananan murahu da ido ba ya gani, suga ya yi musu yawa suna ta hayaƙi, masu kore hayaƙin kuma sun gaji. Na ce, "Ɗan nan, murhuna bai taɓa hayaƙi ba, sai na cikina?" Bai yi dariya ba. Ya ce in ban bar zaƙi ba, sai wankin ƙoda.

Muna dawowa jikana Habibu, ja'iri, ya kwashe sugana. Na sha fura salam ina zaginsa. Mazarƙwailar ƙarƙashin katifa, wadda bai gano ba, na daɗe ina kallonta, sannan na jefa wa akuya. Nata murhun ya yi hayaƙin.