Mama, Amsar Ta Fito

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni ce Rifkatu, autarki. Na san kina hutawa a wurinsa, amma ina da labarin da na kasa riƙewa ni kaɗai.

Kin tuna Kirsimetinmu na ƙarshe a Kagoro? Kin gan ni ina ta kai da komo a bayan gidanmu ina magana ni kaɗai, har tuwona ya huce. Washegari sai ga Fasto a tsakar gida, ashe ke kika kira shi ya yi mini addu'a. Na yi ta gaya miki lafiyata lau, aikin ne haka. Kika ce, "Wane irin aiki ne wannan da ba a ganin abin da aka yi?"

Bari in ba ki amsa yanzu. Mama, irin kimiyyar fiziks ɗin da nake yi ba na'ura, sai allo da lissafi. Ina neman sanin yadda zafi ke ratsa wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. In tambaya ta fi ƙarfinmu, sai mu rage ta, mu fara warware ƙaramar. Mu yi hasashen amsa, sannan mu nemi abin da zai kayar da hasashen. Yawancin ranaku goge allo muke yi mu sake.

Bayan jana'izarki komai ya fita raina. Na gaya wa Aminu, abokin aikina ɗan Kafanchan, cewa zan bar binciken. Bai yi mini gardama ba. Alli ya miƙo mini, ya ce kafin in tafi mu gwada da ƙwaya biyu kacal. Biyu ta ba da abin da muka zata. Da muka ƙara ta uku, lissafi ya ƙi. Muka yi makonni muna musu, kowa na duba aikin ɗan'uwansa, ba kuskure ko ɗaya. Ashe abin da na shafe shekaru ina son tabbatarwa ba gaskiya ba ne. Da muka juya tambayar, sai hanya ta buɗe, amsar ta fito.

Na zauna a ƙasa gaban allon, Mama, na yi kukan da na kasa yi a bakin kabarinki. Aminu ya fita, ya jawo mini ƙofa a hankali.

Ban bar aikin ba.

Ubangiji ya ba ki hutu a gabansa, ya riƙe mu da kika bari, har ranar da za mu sake haɗuwa. Amin.

Taki har kullum,
Rifkatu