Na busa wa Baffana usur a gaban leburori

Daga Admin: wani ɗan'uwa ne ya turo, ya roƙi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta damuwar mutane a nan, ban taɓa zaton tawa za ta zo ba, to yau ga ni. Don girman Allah ku taimaka mini da shawara, domin a garinmu yanzu ba ni da wanda zan zauna in yi maganar nan da shi.

Ni mutumin Tarai ne ta ƙasar Kibiya, ina aiki da wani kamfanin gine-gine da ke gina bene a gefen Rano. Ni ne mai kula da tsaron lafiyar ma'aikata, Oga Sefti suke ce mini, aikina in tabbatar kowa ya sa hular kwano da takalmin aiki, wanda zai hau sama kuma ya ɗaura bel ya maƙala shi a ƙarfe. Yawancin magina da leburorin wurin 'yan garinmu ne, ni na kawo su, kuma na farko shi ne Baffana ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, da guminsa na yi boko. Daga Tarai har Nariya babu wanda bai san hannunsa a gini ba.

Da farko na ga ta kaina, don mutanenmu da an kira azahar za su cire takalmi da hula su yi alwala, su watsar a gindin bishiya, an idar kuma su haye sama da silifa. Na yi faɗan har na gaji, sai na roƙi manaja aka yi mana rumfar alwala da famfo, kowa da ƙusarsa ta rataye kaya, kuma hanyar fita daga wurin sallar ta cikin rumfar take, ba ka isa ka wuce ba ka ɗauki naka ba. Na kuma kawo wani malamin makarantar allo ya yi musu nasiha cewa kiyaye kai ba rashin tawakkali ba ne. Kowa ya bi, ban da Baffa. Hular kwanon ya sa mini ita a kan hularsa don kara, amma bel ya ce sam. Mu gidan magina ne, akwai gurun da kakanmu ya bar masa yana ɗaure da shi a ƙugu, ya ce ɗan gado ba ya faɗowa, kuma ya ɗora bel a kan gurun nan daidai yake da ya ƙaryata ubansa. Na lallashe shi a gida ya fi a ƙirga, kullum sai ya yi dariya ya ce, kai yaro, ina hawa bango tun kana tsumma.

Ran nan yana can sama yana jera bulo a bakin gini, na ɗaga kai kawai sai na ga ƙafarsa ta hagu tana rawa, har katakon da yake kai yana motsi. Babu wanda ya lura sai ni. Wallahi ban san lokacin da na busa usur ba, usur ɗin da ake busa wa wanda ya karya doka, aiki ya tsaya cak kowa ya juyo. Ya sauko a hankali, ya goge cokalin gininsa, ya ajiye hular kwanon a gabana, ya yi tafiyarsa. A dokar kamfani kuwa duk wanda aka sauko da shi kan bel an sallame shi ke nan.

Tun daga ranar na zama baƙo a garinmu. A ƙofar gidanmu bayan magariba maza kan fito da kwanukansu a yi ciyayya, to nawa kwanon babu mai sa hannu a ciki. In na yi sallama a amsa, iyakarta ke nan, in na zauna hira ta mutu. Matata ta ga kwano yana komawa yadda ya fita, ta fara rage zubi don kada matan gida su gane, daga baya na haƙura na koma ci a ɗaki kamar majinyaci. A wurin aiki kuma waɗanda muka yi wasan ƙasa tare ba sa ce mini komai sai yes sa. Kaɗaici ya ishe ni jama'a, ban taɓa sanin mutum zai yi kewar garinsu yana cikinsa ba.

Ana cikin haka aka zaɓi kamfaninmu cikin waɗanda za a karrama saboda kiyaye lafiyar ma'aikata da fito da sabbin dabaru, kuma rumfar alwalar nan ce ta fi burge alƙalan. Aka yi taro a Kano, aka ba ni kujera biyu. Mutumin da na saba hangowa a gefena da babbar rigarsa a irin wannan rana shi ne Baffa, sai ga shi jakata na ɗora a kujerar. Manaja ya jawo ni gaba muka karɓi lambar yabo ta gilashi, aka yi tafi aka yi hoto, na dawo gida ba ni da wanda zan nuna wa. Daga baya na ji ana cewa wai na sayar da ubana na karɓo gilashi.

Yanzu ga inda maganar ta tsaya. Inna mahaifiyata ta shiga tsakani, Baffa ya ce zai yafe amma da sharaɗi. Layin bulon da ya fara yana nan ba a ƙarasa ba, don a wurinmu magini ba ya ɗora hannu a kan aikin wanda ya tafi da fushi sai da izininsa, duk sun ƙi taɓawa. Ya ce in buɗe masa get ranar Lahadi da injiniyoyi ba sa nan, tunda makulli yana hannuna, ya hau ya ƙarasa ba bel, a gaban mutanen da suka ga an sauko da shi, shi ke nan magana ta wuce. Inna ta ce, kai dai ka yi masa, babba ne, an kunyata shi a idon 'ya'yan cikinsa.

Manaja ya riga ya gargaɗe mu cewa hoto ɗaya na mutum a sama ba bel ya isa a ƙwace lambar, ni kuma in rasa aikina. Amma Allah ya sani ba wannan ne ke hana ni sukuni ba, ƙafar nan ce. Har yau ban faɗa wa kowa dalilin busa usur ɗin ba, don in ta fito cewa ƙafar Baffa na rawa babu mai sake ba shi ko ginin katanga a ƙasar Rano da Kibiya, ga iyali, kuma ginin nan shi ne mutuncinsa gaba ɗaya. Kada ku ce in same shi mu biyu, na je zaurensa, ina fara magana ya ɗaga mini hannu. Ya san abin da na gani, na kuma san ya sani, ina jin shi ya sa ma yake son hawan. Jiya a masallaci da zai miƙe daga sahu sai da ya dafa bango.

Lahadi ta matso, Inna na jiran amsata. Iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure, musamman magina in akwai, ku faɗa mini gaskiya ko mai ɗaci ce. In buɗe masa get ɗin ya hau don ya yafe mini, ko in bar shi a kulle, ya tsufa a kan tabarmarsa lafiya lau yana fushi da ni har ƙarshen ransa?